Saitin mashigai a Spanning Tree Protocol

Spanning Tree Protocol, wanda ake taƙaitawa da STP, ƙa'ida ce da na'urorin suwici suke bi don hana saƙonni yin zobe a cikin netwok na Ethernet. Idan aka haɗa suwici biyu ko fiye da wayoyi ta yadda akwai hanya fiye da ɗaya daga wani zuwa wani, STP yana barin hanya guda a buɗe, ya toshe sauran, sannan ya buɗe ɗaya daga cikin na toshen idan ta farkon ta yanke. Duk wannan aikin a kan mashigai yake faruwa, wato ramukan da ake sa waya a jikin suwici, waɗanda masu sana'ar suke kira fot. Saitin mashigai shi ne gyare-gyaren da mai kula da netwok yake yi wa kowace mashiga don ya nuna mata abin da ke haɗe da ita, da hanyar da za ta fifita, da kuma matakin da za ta ɗauka idan aka jona mata abin da bai dace ba.

Yawancin suwici masu karɓar saiti suna zuwa daga masana'anta da STP a kunne, don haka yana aiki ko ba a taɓa shi ba. Sai dai saitin masana'anta bai san wace mashiga ce take fuskantar kwamfuta ba, bai kuma san wadda take fuskantar wani suwici ba. Wannan bambancin shi ne ginshiƙin saitin mashigai baki ɗaya.

## Matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta

Suwici yana tura bayanai ne a cikin ƙananan ƙunshi da ake kira firem. Idan firem ɗin na kowa da kowa ne, ko kuma suwici bai san inda mai adireshin yake ba, sai ya kwafe shi ya fitar ta dukkan mashigai ban da wadda ya shigo ta ciki. A ƙunshin IP akwai wata lamba da take raguwa duk lokacin da ya ratsa rawuta, idan ta ƙare sai a yar da shi. Firem na Ethernet ba shi da irin wannan lambar. Saboda haka idan wayoyi suka yi zobe, firem ɗaya zai yi ta kewayawa ba iyaka, kuma kowane suwici yana ƙara yawan kwafinsa.

Abubuwa uku ne suke biyo baya. Na farko, wayoyi suna cika da ambaliyar saƙonni har babu wurin da bayanan gaskiya za su bi. Na biyu, jadawalin adireshin MAC na suwici yana rikicewa, domin yana ganin kwamfuta ɗaya tana fitowa yanzu ta wannan mashiga, an jima ta waccan. Na uku, kwamfutoci suna karɓar firem ɗaya sau da yawa. A zahiri abin da ake gani shi ne fitilun mashigai duka suna ƙiftawa da sauri a lokaci guda, netwok ya tsaya cik cikin sakanni kaɗan, kuma sau da yawa ba a iya shiga suwicin ta netwok don a gyara, sai an je gabansa da wayar kwansol.

Zobe yana faruwa ta hanya biyu. Akwai wanda ake yi da gangan, inda ake ja waya ta biyu tsakanin gine-gine don ko-ta-kwana. Akwai kuma na kuskure, kamar mutum ya tsinci bakin waya a ƙasa ya sa shi a ramin bango ba tare da ya san ɗaya bakin yana cikin suwici ɗaya ba.

## Tarihi

Radia Perlman, injiniya 'yar Amurka da aka haifa a shekarar 1951, ita ce ta ƙirƙiro lissafin a lokacin da take aiki a kamfanin Digital Equipment Corporation, kuma ta wallafa shi a shekarar 1985. Ta taƙaita yadda yake aiki a cikin wata gajeriyar waƙa da ta sa wa suna Algorhyme. A shekarar 2014 aka sa sunanta a Internet Hall of Fame.

Sunan ya samo asali ne daga fannin lissafi. Idan akwai ɗigo-ɗigo da layuka suka haɗa, bishiyar da ta game su ita ce zaɓin layukan da za su taɓa kowane ɗigo ba tare da sun yi zobe ba. Idan ɗigon guda 10 ne, layuka 9 ne za su rage. Haka abin yake a netwok: suwici 10 da kowane biyu ke haɗe da waya ɗai-ɗai za su ƙare da wayoyi 9 masu aiki, komai yawan waɗanda aka ja.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da shi ma'auni na duniya a shekarar 1990 da lambar 802.1D. A shekarar 2001 aka fitar da nau'i mai sauri, RSTP, da lambar 802.1w, wanda aka shigar cikin 802.1D a bugun 2004. A shekarar 2002 aka fitar da MSTP da lambar 802.1s, wanda yake ba da damar a yi bishiya fiye da ɗaya, kowace tana ɗauke da rukunin VLAN nata. Kamfanin Cisco kuma yana da nasa nau'o'in, PVST+ da Rapid PVST+, waɗanda suke gina bishiya daban ga kowane VLAN.

## Yadda suwici suke cimma matsaya

Na'urorin suna magana da juna ta wani ƙaramin saƙo mai suna BPDU, wanda ake aikawa duk bayan sakan 2 zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:00. Da wannan saƙon suke yanke hukunci a mataki uku.

Zaɓen tushe. Kowane suwici yana da lambar shaida mai kashi biyu: lambar fifiko da adireshin MAC nasa. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne tushen bishiyar. Lambar fifiko ta masana'anta 32768 ce, kuma a na'urorin yanzu ana canza ta ne da ninkin 4096, daga 0 zuwa 61440. Idan ba wanda ya canza ta, to adireshin MAC ne zai raba gardama, kuma sau da yawa tsohon suwici ne yake da adireshi mafi ƙanƙanta. Ta haka ne wani tsohon suwici marar ƙarfi da ke ƙuryar ofis yake zama tushe, dukkan zirga-zirga ta koma bi ta kansa.

Zaɓen mashigar tushe. Duk suwicin da ba shi ne tushe ba yana zaɓen mashiga ɗaya tak wadda ta fi sauƙin kai shi ga tushe.

Zaɓen mashigar wakilci. A kan kowace waya, ɓangare ɗaya ne ake ba izinin tura bayanai a madadin tushe, wato ɓangaren da ya fi kusa da shi. Mashigar da ba ta zama ta tushe ba, ba ta kuma zama ta wakilci ba, ita ake toshewa.

Idan aka yi kunnen doki, ana duba abubuwa huɗu bi da bi: jimillar nauyin hanya zuwa tushe, sai lambar shaidar suwicin da ya aiko BPDU, sai lambar mashigar da ya aiko ta ciki, sai lambar mashigar da ta karɓa. A kowane mataki ƙaramar lamba ce take cin nasara.

## Halayen mashiga

A STP na asali, mashiga ba ta fara aiki da zarar an sa mata waya. Tana yin sakan 15 tana sauraren BPDU kawai, sannan ta yi wasu sakan 15 tana koyon adireshin MAC ba tare da ta tura komai ba, daga nan ne take fara turawa. Jimilla sakan 30 ke nan. Idan kuma hanya ta yanke a wani wuri da suwicin bai gani da kansa ba, sai ya jira sakan 20 kafin ya haƙura da tsohon bayanin, abin ya kai sakan 50.

RSTP ya rage halayen zuwa uku: zubarwa, koyo da turawa. Ya kuma ba mashigar da aka toshe suna gwargwadon aikinta. Mashigar madadi ita ce wadda take da wata hanya ta daban zuwa tushe, kuma tana karɓar aiki nan take idan mashigar tushe ta mutu. Mashigar ko-ta-kwana kuwa ita ce ta biyu daga suwici ɗaya zuwa sashe ɗaya. Maimakon jiran agogo, suwici biyu suna yin tayi da amincewa a tsakaninsu, abin da yakan kammala cikin ƙasa da sakan ɗaya ko 'yan sakanni. Idan BPDU uku a jere ba su iso ba, wato sakan 6, ana ɗauka maƙwabcin ya ɓace.

## Saitukan da ake yi wa mashiga

### Nauyin hanya

Kowace mashiga tana da lamba da take nuna nauyin bi ta cikinta. Waya mai sauri nauyinta kaɗan ne. Akwai ma'auni biyu, gajere wanda ya zo a bugun 1998, da dogo wanda aka kawo don wayoyi masu tsananin sauri:

| Saurin mashiga | Gajeren ma'auni | Dogon ma'auni |
|---|---|---|
| Megabit 10 | 100 | 2,000,000 |
| Megabit 100 | 19 | 200,000 |
| Gigabit 1 | 4 | 20,000 |
| Gigabit 10 | 2 | 2,000 |

Ana ƙara nauyin ne a mashigar da ta karɓi BPDU, ba wadda ta aika ba. Don haka idan ana son suwici ya canza hanyarsa ta zuwa tushe, a jikinsa ake canza nauyin. Wajibi ne kuma dukkan na'urorin netwok su yi amfani da ma'auni iri ɗaya. Idan wani yana lissafi da gajere wani da dogo, waya mai gigabit 1 za ta zama 4 a wuri ɗaya, 20,000 a wani wurin, hanyar da za a zaɓa kuma ba za ta yi ma'ana ba. Wannan yakan faru idan aka haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban.

### Fifikon mashiga

Lambar masana'anta 128 ce, kuma bisa ma'aunin IEEE ana canza ta da ninkin 16, daga 0 zuwa 240. Amfaninta yana fitowa ne idan wayoyi biyu masu nauyi ɗaya suka haɗa suwici biyu. A nan masu koyo suke yawan kuskure: fifikon da ake dubawa na mashigar da ta aiko BPDU ne, saboda haka a suwicin da ya fi kusa da tushe ake canza shi, tasirinsa kuma ya bayyana a suwicin da ke ƙasa da shi.

### Mashigar gefe

Wannan ita ce mashigar da kwamfuta, firinta, kyamara ko wayar tarho ta ofis take haɗe da ita, ba wani suwici ba. Tunda irin waɗannan na'urori ba sa yin zobe, babu dalilin sa su jiran sakan 30. Idan aka ayyana mashiga a matsayin ta gefe, tana fara turawa da zarar an sa waya. Cisco yana kiran wannan saitin PortFast.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, kwamfutar da aka kunna tana neman adireshin IP daga sabar DHCP cikin sakannin farko, idan mashiga tana toshe a lokacin sai neman ya faɗi. Kwamfutar Windows takan ba kanta adireshin da ya fara da 169.254, mai amfani da ita kuma ya ga ba ta shiga netwok ba. Haka ma kwamfutocin da suke ɗauko manhajar tashi daga saba. Na biyu, mashigar gefe ba ta tada sanarwar canjin tsari. A mashiga ta yau da kullum, kunna kwamfuta ɗaya yana sa a sanar da dukkan netwok cewa tsari ya canza. A STP na asali wannan yana rage wa'adin jadawalin MAC daga sakan 300 zuwa sakan 15, a RSTP kuwa ana share jadawalin ne nan take. A ɗakin da ke da kwamfutoci ɗaruruwa, hakan yana nufin netwok zai yini yana mantawa yana sake koyo.

Haɗarinsa shi ne idan aka jona suwici a mashigar gefe, zobe zai iya samuwa kafin BPDU na farko ya iso. Shi ya sa ba a barin wannan saitin shi kaɗai.

### Kariyar BPDU

Kwamfuta ba ta aika BPDU. Idan BPDU ya shigo ta mashigar gefe, to alama ce cewa an jona suwici, ko an juyo da waya ta dawo cikin netwok. Kariyar BPDU tana rufe mashigar gaba ɗaya a take. A na'urorin Cisco mashigar tana shiga halin da ake rubutawa err-disabled, kuma tana nan a rufe har sai mai kula ya kashe ta ya sake kunnawa, ko kuma an saita ta ta farfaɗo da kanta, wanda wa'adinsa na masana'anta sakan 300 ne. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kai ita ce duk mashigar da aka mayar ta gefe a haɗa mata da kariyar BPDU.

### Kariyar tushe

STP ba ya tantance wanda ya aiko saƙo. Duk na'urar da ta zo da lamba mafi ƙanƙanta za ta ƙwace matsayin tushe, ko da kuskure ne ko da mugun nufi, kuma akwai manhajoji irin su Yersinia da suke iya ƙirƙirar BPDU na ƙarya. Ana sa kariyar tushe a mashigar da aka yarda a jona mata suwici amma ba a yarda tushe ya ɓullo ta can ba, misali mashigar babban suwici da take sauka zuwa wani sashe. Idan BPDU mai neman tushe ya shigo, ana dakatar da turawa a mashigar, kuma tana komawa aiki da kanta idan saƙon ya daina zuwa.

### Kariyar zobe

Mashigar da aka toshe tana zama a toshe ne muddin tana jin BPDU. Idan ta daina ji, sai ta ɗauka hanya ta mutu ta buɗe kanta. Amma wani lokaci hanyar ba ta mutu ba, ɓangare ɗaya ne kawai ya lalace, kamar a wayar faiba mai silli biyu inda na karɓa ya karye na aikawa yana aiki. Buɗewa a wannan halin zobe ne kai tsaye. Kariyar zobe tana sa mashigar ta ci gaba da zama a toshe har BPDU ya dawo. Ana sa ta a mashigan tushe da na madadi. A na'urorin Cisco ba a haɗa ta da kariyar tushe a mashiga ɗaya.

### Tace BPDU

Wannan saitin, idan aka sa shi kai tsaye a kan mashiga, yana hana ta aikawa da karɓar BPDU. Ma'anarsa an kashe STP a wurin. Ana amfani da shi a iyaka tsakanin netwok biyu masu mallaka daban, kamar tsakanin kamfanin intanet da abokin cinikinsa. Sa shi a mashigan ofis don a daina ganin mashiga tana rufewa kuskure ne babba, domin ya cire kariyar ba tare da ya cire dalilin rufewar ba.

### Nau'in haɗi

Tayi da amincewar RSTP yana aiki ne kawai a haɗin da ke tsakanin na'urori biyu kai tsaye. Suwici yana gane hakan daga yanayin mashiga: idan tana aikawa da karɓa a lokaci ɗaya, ya ɗauke ta haɗin kai tsaye, idan kuwa ana karɓa-karɓa ne, ya ɗauke ta haɗin tarayya ya koma jiran agogo. Mashigar da ta faɗa yanayin karɓa-karɓa saboda lalacewar waya ko saɓanin saiti tana iya jawo jinkiri ba tare da an lura ba.

## Misali da suwici uku

A ɗauka akwai cibiyar kwamfuta mai suwici uku: A a ɗakin saba, B a zaure na ɗaya, C a zaure na biyu. An haɗa A da B, A da C, sannan B da C, duka da waya mai gigabit 1. An ba A fifiko 4096, B kuma 8192, an bar C a 32768.

A shi ne tushe, mashigansa duka na wakilci ne. B yana isa A da nauyi 4, haka ma C, don haka wayoyin da suka nufi A su ne mashigan tushensu. A wayar da ke tsakanin B da C nauyin ɓangarorin ɗaya ne, sai a duba lambar shaida. Ta B ce ƙarama, saboda haka mashigar B ta zama ta wakilci, ta C ta zama ta madadi aka toshe ta. Idan ɓera ya cinye wayar A da C, ko mai haƙa ya sare ta, mashigar madadin ta buɗe, C ya riƙa isa A ta kan B da nauyi 8. Idan kuma A ne ya mutu, B zai gaje shi saboda lambarsa ce ta biyu a ƙanƙanta.

Da a ce mai kula yana son C ya riƙa bi ta B tun farko, sai ya ɗaga nauyin mashigar C da take fuskantar A zuwa abin da ya wuce 8, misali 19.

## Umarnin saiti

A manhajar Cisco IOS, ana zaɓen nau'i da tushe kamar haka:

```
spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree vlan 10 priority 4096
```

Mashigar da kwamfuta take haɗe da ita:

```
interface GigabitEthernet0/5
 switchport mode access
 spanning-tree portfast
 spanning-tree bpduguard enable
```

Mashigar babban suwici da take sauka zuwa wani sashe:

```
interface GigabitEthernet0/23
 spanning-tree guard root
```

Nauyi da fifiko ana canza su da `spanning-tree cost 19` da `spanning-tree port-priority 64`. Umarnin `show spanning-tree` yana nuna wane ne tushe, da matsayin kowace mashiga, da nauyinta. Sauran kamfanoni suna da saitukan iri ɗaya da sunaye daban. A Juniper ana ayyana mashigar gefe da kalmar edge a ƙarƙashin saitin RSTP. A MikroTik, gadar da aka ƙirƙira tana zuwa da RSTP a kunne, kuma kowace mashiga tana da zaɓin edge da bpdu-guard. A gadar Linux kuwa STP a kashe yake zuwa sai an kunna shi.

## Abin da ya faru a asibitin Boston

Sanannen misalin gazawar STP shi ne na asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston a Amurka. Ranar 13 ga Nuwamba 2002 netwok ɗin asibitin ya fara tsayawa bayan wata manhajar bincike ta cika shi da bayanai. Netwok ɗin ya daɗe yana girma ta hanyar jona suwici a kan suwici, musamman bayan haɗewar asibitoci biyu a shekarar 1996. Lokutan masana'anta na STP an lissafa su ne a kan cewa nisan netwok ba zai wuce suwici 7 ba, amma injiniyoyin da suka bincika sun tarar da sashen da ya kai tsalle 10. Kusan kwana huɗu aka yi ana fama, ma'aikata suka koma rubuta umarnin magani da sakamakon gwaji a takarda ana kaiwa da ƙafa. Shugaban sashen fasahar bayanai na asibitin, John Halamka, ya bayyana labarin a fili don wasu su ɗauki darasi, aka kuma sake gina tsakiyar netwok ɗin da rawuta maimakon dogaro da bishiya ɗaya mai faɗi.

## Amfani a Najeriya

Wuraren da aka fi haɗa suwici da yawa a rufi ɗaya a arewacin Najeriya su ne jami'o'i da kwalejoji, bankuna, asibitoci, ofisoshin gwamnati da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a shekarar 2015. A irin waɗannan cibiyoyi kwamfutoci ɗaruruwa ne suke magana da saba ɗaya ta waya, kuma suwici ɗaya yawanci mashigai 24 ko 48 yake da su, don haka dole a jona da yawa. Zobe ɗaya a zaure yana iya tsayar da dukkan ɗaliban da ke ciki a tsakiyar jarrabawa.

Yanayin wutar lantarki yana ƙara wa saitin muhimmanci. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta ko sola, suwicin da ba shi da batirin ajiya yana mutuwa ya sake tashi, zaɓen tushe kuma ya sake gudana. Idan tushen yana cikin waɗanda suka mutu, bishiyar tana sake ginuwa sau biyu, lokacin tafiyarsa da lokacin dawowarsa. Saboda haka suwicin da aka zaɓa ya zama tushe shi ya fi cancanta da inbata ko batiri. Haka kuma saitin da ba a adana ba yana gogewa da ɗaukewar wuta, domin a na'urori da yawa sai an ba da umarnin adanawa daban.

Wani abin lura shi ne ƙananan suwici masu araha da ba sa karɓar saiti, waɗanda ake sayowa don ƙara mashigai a ofis ko shagon intanet. Galibinsu ba sa gudanar da STP. Wasu suna wuce da BPDU, wasu suna zubar da shi. Idan aka yi zobe a jikin mai wucewa da shi, BPDU zai dawo wa babban suwici, kariyar BPDU ta rufe mashigar, sauran netwok ya tsira. Idan mai zubarwa ne, kariyar ba za ta ga komai ba, sai dai a dogara da saitin taƙaita ambaliya, wanda yake iyakance yawan saƙonnin gama-gari da mashiga za ta karɓa.

## Kurakuran da aka fi yi

* Barin zaɓen tushe a hannun adireshin MAC.
* Mayar da mashiga ta gefe ba tare da kariyar BPDU ba.
* Sa saitin gefe a mashigar da take haɗa suwici da suwici.
* Kashe STP gaba ɗaya don kawar da jinkirin sakan 30, alhali saitin gefe ne maganinsa.
* Rage lokutan agogo ba tare da lissafin girman netwok ba. A STP na asali, lokutan da tushe ya sanar su ne kowa yake bi.
* A MSTP, barin sunan yanki, lambar bita ko rabon VLAN su bambanta tsakanin na'urori. Idan ɗaya daga cikin ukun ya saɓa, na'urorin suna ɗaukar juna a matsayin yankuna daban.
* Sake kunna mashigar da kariya ta rufe ba tare da an bi wayar an ga abin da ke ƙarshenta ba.

## Iyakokinsa da hanyoyin da suka biyo baya

Babban abin da ake sukar STP da shi shi ne wayar da aka toshe tana zaune ba aiki, ga shi an kashe kuɗi wajen janta. Haka kuma hanyar da bayanai suke bi tsakanin suwici biyu ba lallai ta zama mafi kusa ba, tunda bishiyar daga tushe aka auna ta. Haɗa wayoyi da yawa su zama kamar ɗaya, wanda IEEE ta fitar a shekarar 2000 da lambar 802.3ad, yana magance wani ɓangare na matsalar, domin STP yana ganin dam ɗin a matsayin mashiga guda. Daga baya aka samar da TRILL, wanda Radia Perlman tana cikin waɗanda suka tsara shi kuma aka wallafa shi a shekarar 2011, da kuma 802.1aq na shekarar 2012, waɗanda suke barin dukkan hanyoyi su yi aiki tare. Manyan cibiyoyin adana bayanai na yanzu sun fi dogara da rawutin har zuwa kusa da saba.

Duk da haka, a ofisoshi da makarantu STP yana nan a kunne a mashigan da mutane suke iya kaiwa hannu. Ko a netwok ɗin da aka tsara shi babu zobe ko ɗaya, ana barinsa yana aiki tare da saitin gefe da kariyar BPDU saboda wayar da wani zai jona bisa kuskure.